Tafireta Ta Tafi, Ta Bar Mana Jerin Haruffanta

A farkon shekarar 1873 wasu mutum biyu, James Densmore da George Yost, suka isa garin Ilion na jihar New York a Amurka ɗauke da wata na'ura, suka nufi masana'antar Remington. Sana'ar gidan ƙera bindiga ce. Sun ci kasuwa sosai lokacin yaƙin basasar ƙasar, amma yaƙi ya ƙare tun 1865. Ga injuna, ga ƙwararrun maƙera, ciniki kuwa ya ja baya. Shi ya sa suka shiga ƙera keken ɗinki da kayan noma, suna kuma lalube ko za su sami wani abin ƙarfe da zai riƙe musu ma'aikata. Ran 1 ga Maris aka sa hannu a yarjejeniya: Remington za ta ƙera wannan na'ura mai rubutu da yawa, a kai ta kasuwa.

Da ta fito a 1874, a kan dala 125, kowa ya gan ta ya san daga wane gida ta fito. An yi mata zanen furanni a jiki, an ɗora ta a kan tebur irin na keken ɗinki, har da abin takawa da ƙafa wanda ke mayar da takarda farkon layi. Manyan baƙi kaɗai take bugawa. Mai aiki da ita kuma ba ya ganin abin da yake rubutawa, domin haruffan daga ƙasa suke tasowa su bugi takarda a cikin cikin na'urar. Sai ya ɗaga mariƙin takarda sannan ya ga ko ya yi daidai ko ya yi kuskure. Duk waɗannan an gyara su, an manta da su. Abin da bai canja ba shi ne jerin haruffan da ke layin sama: Q, W, E, R, T, Y. Shi ne a kwamfutar banki yau, shi ne a wayar mai sayar da kati.

Ba Amurkawa ne suka fara tunanin injin rubutu ba. Tun 1714 wani Baturen Ingila, Henry Mill, ya karɓi takardar mallakar ƙirƙira a kan na'urar da za ta riƙa buga haruffa ɗaya bayan ɗaya, sai dai ko zanenta bai iso zamaninmu ba. Wajen 1808 wani mutumin Italiya, Pellegrino Turri, ya ƙera wa wata makauniya 'yar sarauta, Carolina Fantoni, injin da za ta riƙa rubuta masa wasiƙa, kuma wasu daga wasiƙun suna nan a adane. A Danmak, wani limamin coci mai shugabantar makarantar kurame, Rasmus Malling-Hansen, ya fito da tasa a 1870, maɓallanta a jere bisa rabin ƙwallo na tagulla. Masanin falsafar nan na Jamus, Nietzsche, ya sami guda a 1882 da idonsa ya fara gazawa. Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin masu ƙirƙirar farko ba sauri suke nema ba. Makafi da kurame suke so su ba hanyar magana da sauran jama'a. Tarihin wannan sana'a ya cancanci a riƙa tuna masa wannan asali, domin daga baya kasuwa ta rufe shi ruf.

Wanda injinsa ya yi tsawon rai, wato injin nan da aka kai wa Remington, shi ne Christopher Latham Sholes, ɗan jarida kuma ɗan siyasa a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin. Shi da abokansa Carlos Glidden da Samuel Soulé suna taruwa a shagon wani maƙeri mai suna Kleinsteuber. Da farko abin da ya dame su shi ne injin buga lambar shafi a littattafai. A 1867 suka karanta labarin injin rubutu na wani John Pratt a mujallar Scientific American, sai hankalinsu ya koma can. Gwajin farko da Sholes ya nuna wa mutane maɓalli ɗaya ne tak, na wayar tangaraho, wanda in an danna yake buga harafin W ta cikin takardar kabon. Ran 23 ga Yuni 1868 suka sami takardar mallaka. Injin nasu na lokacin maɓallansa irin na fiyano ne, haruffa kuma a jere suke yadda yara ke haddace su, A, B, C har ƙarshe.

To me ya wargaza wannan jeri? Sai an leƙa cikin injin. Kowane maɓalli yana haɗe da wata siririyar sandar ƙarfe mai ɗauke da harafi a bakinta. Sandunan suna rataye a zagaye, kuma dukansu wuri ɗaya suke nufa, wato tsakiya, inda ƙyallen tawada da takarda suke. In an danna maɓalli sanda ta tashi ta buga, sannan nauyinta ya dawo da ita. In aka danna na kusa da ita kafin ta gama komawa, sai su yi karo su sarƙe, kamar mutum biyu da suka nufi ƙofar zaure a lokaci guda. Tun da mai bugawa ba ya gani, yana iya ci gaba da dannawa harafi ɗaya na ta maimaita kansa a takarda. Sholes ya shafe shekaru yana sauya wa haruffa mazauni. Densmore, wanda ya zuba kuɗinsa a harkar, ya riƙa aika injunan gwaji ga masu aikin rubutu na gaske, irin su James Clephane na birnin Washington, wanda ya riƙa aiki da su har su lalace, ya dawo da su da jerin ƙorafi.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa Sholes ya birkita haruffan ne da gangan don ya rage wa masu bugawa sauri. Wannan zance bai da ƙafa. Mutumin da ke son sayar da injin da ya fi alƙalami sauri ba zai zauna yana ƙulla masa tarnaƙi ba. Raba sandunan da ke yawan bin juna shi ne ma hanyar samun saurin. A 2011 wasu masana biyu na Jami'ar Kyoto a Japan, Koichi Yasuoka da Motoko Yasuoka, suka kawo wani bayanin: cewa masu karɓar saƙon tangaraho, waɗanda suna cikin masu amfani da injin na farko, su ne suka yi tasiri a kan inda aka ajiye wasu haruffa, don ya dace da yadda suke fassara ƙarar waya. Ko wanne aka ɗauka, jerin bai fito daga wani lissafi guda ba. Gyara ne a kan gyara. Alamar tsohon tsarin ma tana nan a layin tsakiya ga mai son dubawa: D, F, G, H, J, K, L, baƙaƙe a jere yadda suke a abacada, an cire wasulan da ke tsakaninsu.

Kasuwa ba ta karɓi injin hannu bibbiyu ba. A shekaru huɗu na farko kimanin dubu biyar kawai aka sayar. Mutanen lokacin suna ganin wasiƙa da rubutun hannu ita ce girmamawa, wasu har haushi suke ji in an aiko musu da bugaggiya, sai su ɗauka ana nufin ba su iya karanta rubutun hannu ba. Marubucin nan Mark Twain ya sayi guda tun 1874, kuma littafinsa Life on the Mississippi na 1883 yana cikin na farko da aka miƙa wa maɗaba'a a buge. A 1878 Remington ta fito da samfuri na biyu, mai ƙananan baƙi da manya. Dabarar ita ce kowace sanda ta ɗauki harafi biyu, sannan a sa maɓalli guda da zai gusar da mariƙin takarda kaɗan don harafin na biyu ya sami wurin bugawa. Maɓallin Shift ke nan, wanda har yau yake gefen hagu da dama, ko da yake babu sauran abin da yake gusarwa.

Abin da ya kafa tafireta da gindinta shi ne bunƙasar ofisoshi. Kamfanonin jirgin ƙasa, bankuna, inshora da kotuna sun yi yawa, takardu sun fi ƙarfin akawu mai alƙalami. Da takardar kabon kuwa, bugu ɗaya sai ya ba da kwafi uku ko huɗu. Nan ne mata suka shigo. A 1881 ƙungiyar YWCA ta New York ta buɗe ajin koyar da tafireta da 'yan mata takwas, mutane na ta surutu cewa aikin ofis zai fi ƙarfinsu. Kafin 1930, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu buga tafireta da ɗaukar gajeren rubutu a Amurka mata ne. Ƙofa ce ta buɗe musu, babu shakka, domin da can aikin gida da masaƙa da koyarwa ne iyakarsu. Amma albashinsu bai kai na mazan da suka gada ba, kuma kujerar da aka ba su ba ta cika kai mutum ga kujerar manaja ba.

Har zuwa ƙarshen shekarun 1880 ba a tsayar da jeri ɗaya ba. Kamfanin Caligraph, alal misali, nasa tsarin daban ne, manyan baƙi da maɓallansu, ƙanana da nasu. Ran 25 ga Yuli 1888 aka yi gasa a birnin Cincinnati tsakanin Louis Traub mai aiki da Caligraph da Frank McGurrin, magatakardan kotu daga Salt Lake City, mai aiki da Remington. McGurrin ya haddace mazaunin kowane harafi, yana bugawa da dukan yatsunsa ba tare da ya kalli maɓallai ba, idonsa na kan takardar da yake kwafa. Ya lashe dala 500, jaridu suka baza labarin. Gasar kaɗai ba ita ta yanke hukunci ba, amma ta nuna inda ƙarfin yake: a cikin yatsun da suka haddace. Makarantu suka riƙa koyar da tsarin Remington saboda shi ne a ofisoshi, ofisoshi suka riƙa sayen Remington saboda shi ɗalibai suka iya. A 1893 manyan kamfanoni biyar, Remington, Caligraph, Yost, Densmore da Smith Premier, suka haɗe ƙarƙashin inuwa ɗaya, QWERTY ya zama na kowa. Sholes bai ga wannan ba. Ya rasu a 1890, bayan ya daɗe da sayar da rabonsa.

Saura matsalar makantar injin. Wani Bajamushe mazaunin Amurka, Franz Xaver Wagner, shi ya tsara sandunan yadda za su taso daga gaba su bugi takarda a fili. John Underwood, mai sayar da ƙyallen tawada da kabon, ya sayi dabarar. Underwood mai lamba 5, wadda ta fito wajen 1900, an sayar da miliyoyinta, kuma siffarta ce ke zuwa wa mutum a rai in an ce tafireta: baƙar ƙarfe, layi huɗu na maɓallai, ƙararrawa mai kaɗawa in an kusa ƙarshen layi, da mariƙin da ake turawa da hannun hagu. Don rage kuɗin ƙira, da yawa daga injunan ba su da lamba 1, ƙaramin L ake bugawa a madadinta.

An yi ƙoƙarin tumɓuke QWERTY, kuma wanda ya fi kowa naci shi ne August Dvorak, malami a Jami'ar Washington da ke Seattle. Shi da surukinsa William Dealey sun nazarci motsin yatsu da yawan fitowar kowane harafi a Turanci, suka sami takardar mallaka a 1936. Sun tara wasula a hannun hagu na layin tsakiya, baƙaƙen da aka fi amfani da su a hannun dama, yadda yatsu ba za su riƙa yawo ba. Gwajin da rundunar sojan ruwan Amurka ta yi a 1944 ya yabi tsarin, amma Dvorak kansa jami'i ne a rundunar a lokacin. Wani gwajin na gwamnati a 1956 bai ga ribar da za ta biya wahalar sake horar da ma'aikata ba. Masana tattalin arziki sun daɗe suna ja-in-ja a kai: Paul David ya rubuta a 1985 cewa wannan misali ne na yadda abu mara inganci ke mamaye kasuwa don kawai ya riga kowa zuwa, Stan Liebowitz da Stephen Margolis suka mayar masa da martani a 1990 cewa fifikon Dvorak ɗin ma ba a tabbatar da shi ba. Tsarin yana cikin kowace kwamfuta yau, kyauta, amma masu amfani da shi 'yan ƙalilan ne.

Duk wannan gardama a kan Turanci ake yin ta. Sauran harsunan duniya kuwa sai da kowanne ya san yadda ya yi da injin da ba don shi aka ƙera ba. Faransawa suka sauya 'yan haruffa suka sami AZERTY, Jamusawa suka musanya Y da Z suka sami QWERTZ. Larabci ya fi wuya, domin daga dama yake farawa, haruffa suna haɗuwa, kuma harafi ɗaya na iya ɗaukar siffa huɗu. Salim Haddad, mai zane ɗan ƙasar Sham mazaunin Alƙahira, ya karɓi takardar mallaka a 1899 a kan dabarar rage siffofin don su shiga maɓallan da ake da su. Mutanen Sin, masu dubban alamomi, sun ƙera injin da ba shi da maɓallai ma: faranti ne mai ɗauke da alamomin ƙarfe wajen 2,500, mai bugawa yana zagaya da hannu guda ya ɗauko wadda yake so. Wani mutumin Sin, Lin Yutang, ya kashe dukiyarsa a kan injin MingKwai na 1947, inda ake danna maɓalli biyu, alamomi kaɗan su bayyana a wata 'yar taga, a zaɓi ɗaya. Ba a taɓa ƙera shi don kasuwa ba, amma wannan dabara ta danna-ka-zaɓa ita ce ginshiƙin yadda ake rubuta Sinanci a kwamfuta yanzu.

Ƙasar Hausa ta san tafireta ne ta hannun 'yan mulkin mallaka, a ofishin Razdan da na Di'o da na En'e, da kantunan kamfanonin Turawa. Iyakar da aka shata ta raba har yatsun akawuna: na Kano da Zariya suka koyi QWERTY, na Damagaram da Maraɗi suka koyi AZERTY, kuma haka abin yake har gobe. Iya tafireta ya zama sana'a mai daraja. Matasa suna shiga makarantun koyon ta, su zauna jarrabawar Pitman, ana auna su da yawan kalmomin da suke bugawa a minti ɗaya. A bakin kotu da gidan waya kuma akwai masu zama ƙarƙashin inuwa da ƙaramin tebur, suna buga wa jama'a takardar rantsuwa, takardar koke, yarjejeniyar cinikin fili da takardar neman aiki. Mutum zai zauna a benci ya faɗi damuwarsa da Hausa, mai tafireta ya saurara, ya jera farar takarda da kabon da wata farar, ya daidaita bakinsu a kan tebur, ya murɗa su ciki, ya mayar da zancen Turancin hukuma. A makarantu, takardun jarrabawa a kan sitansil ake buga su: a kawar da ƙyallen tawada don harafi ya huda takardar mai kakin, in an yi kuskure a shafa wani jan ruwa mai ƙarfin wari, a hura ya bushe, a sake bugawa, sannan a kai injin Gestetner a juya.

A shekarun 1930 ne, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar fassara da talifi a Zariya, rubutun boko ya tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, bayan an gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi da kuma waƙafi a gefensa. Maɗaba'a tana iya zuba harafin dalma na musamman, shi ya sa Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta iya fitowa da su. Tafiretar ofis kuwa daga Ingila ko Jamus ko Italiya take zuwa, babu ƙugiya a cikinta. Mai kula sai ya gama bugawa ya bi shafin da biro yana lanƙwasa wa kowane harafi kansa. Mai gaggawa ya bar su haka, mai karatu ya yi ta canka ko baki ake nufi ko baƙi, kafa ko ƙafa. Yawancin littattafan adabin kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990 a irin wannan hali suka fito. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa a Najeriya ta jagoranci tsara haruffan bai-ɗaya na harsunan ƙasar, har shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a aikin. Aiki ne mai kyau, amma ya zo daidai lokacin da tafireta ta kama hanyar fita. Ajami bai ma sami wannan ba. Tafiretar Larabci a kan salon rubutun Gabas aka gina ta, da wuya ta ɗauki wasulan da ajami ba ya karantuwa sai da su, don haka ya ci gaba da zama a hannun alƙalami da tawada.

A can inda ake ƙera injunan kuwa, lantarki ya shigo. IBM ta sayi kamfanin Electromatic a 1933, sannan a Yulin 1961 ta fito da Selectric, wadda ta jefar da sandunan gaba ɗaya. A madadinsu akwai 'yar ƙwallo ɗaya mai haruffa 88 a jikinta, tana juyawa tana karkata tana bugawa, wajen harafi 15 a daƙiƙa. Takarda na tsaye wuri ɗaya, ƙwallon ce ke tafiya. Ana iya cire ta a sa wata mai salon rubutu daban ko harshe daban. Tun daga ranar, dalilin sarƙewar sanduna ya ƙare, amma ba wanda ya taɓa jerin haruffan. Injin ya cika ofisoshi har ya ja hankalin 'yan leƙen asiri: a 1984 Amurkawa suka gano cewa Tarayyar Sobiyet ta ɓoye na'urori a cikin Selectric 16 na ofishin jakadancinsu a Mosko da ƙaramin ofishinsu na Leningrad, suna karanta motsin ƙwallon suna aika shi ta rediyo. Kuskuren bugu ma ya yi wa wata arziki. Bette Nesmith Graham, sakatariya a wani banki a Dallas, ta fara haɗa farin fenti a kicin ɗinta tana shafe kurakuranta. Ta mai da shi kamfanin Liquid Paper, wanda Gillette ta saya a 1979 a kan dala miliyan 47.5.

Kwamfuta ba da kibod aka haife ta ba. Na farko da wayoyi da makunnai da kati mai huji ake ba su umarni. Hanyar da kibod ya bi ya iso gare ta ita ce wayar tangaraho. Tun 1901 Donald Murray, ɗan ƙasar New Zealand, ya haɗa maɓallan tafireta da tsarin aika saƙo na Émile Baudot, yadda duk wanda ya iya tafireta zai iya aika waya. Daga nan aka sami injunan Teletype, masu bugawa a nan rubutu ya fito a wani gari. Masu kwamfuta suka ga ai ga abin magana da injinsu a shirye. A 1956 aka fara shigar da umarni kai tsaye ta maɓallai a kwamfutar Whirlwind ta jami'ar MIT. Teletype Model 33 ta 1963, mai arha, mai aiki da sabon tsarin lambobin haruffa na ASCII, ta zama bakin kwamfuta na shekaru da dama. Daga irin waɗannan injuna aka gaji maɓallan Ctrl da Esc. A kan Model 33 ɗin ne kuma wani Ray Tomlinson ya duba a 1971, yana neman alamar da ba ta fitowa a sunan mutum don ya raba suna da adireshi a saƙon imel, ya ɗauki @, wadda 'yan kasuwa ke amfani da ita wajen rubuta farashi. Shi kuwa ASCII gurbi 128 gare shi, an cika su da buƙatun Turancin Amurka. Ko wasulan Faransanci masu alama ba su shiga ba, balle ƙ.

A Agustan 1981 IBM ta fito da kwamfutarta ta tebur da kibod mai maɓalli 83. Sakatarorin da suka saba da Selectric suka yi ta ƙorafi a kan ƙanƙantar Shift da Enter da inda aka ajiye su. Kamfanin ya saurara, ya fito da Model M a tsakiyar shekarun 1980, mai maɓalli 101: jerin F1 zuwa F12 a sama, kibiyoyi huɗu a gefe, lambobi a dama. Shi kowa ya kwaikwaya, shi ne a gaban kowane ma'aikaci yau. Ƙarƙashin kowane maɓallinsa akwai siririn sifirin da ke lanƙwashewa ya yi ƙara in an danna, don yatsa da kunne su tabbatar harafi ya shiga. Masu sha'awa suna neman tsofaffinsa har yanzu, wani kamfani mai suna Unicomp a jihar Kentucky kuma yana ci gaba da ƙera shi. Wanda ya duba kibod ɗinsa da kyau zai ga layukan ba su daidaita da juna ba, kowanne ya ɗan goce. An yi haka ne tun zamanin Sholes don sandunan ƙarfen da ke ƙarƙashi su sami hanyar wucewa. Ƙananan tudun da ke kan F da J kuma don ɗaliban McGurrin ne, masu neman mazaunin yatsa ba tare da kallo ba.

Faɗuwar tafireta ta zo da sauri. IBM ta rabu da sashenta na tafireta a 1991, Smith Corona ta durƙushe a 1995, Godrej ta Indiya, inda masu buga takardu a bakin kotu suka riƙe kasuwar tsawon lokaci, ta sayar da ragowar kayanta a 2011, Brother kuma ta ƙera ta ƙarshe a Birtaniya a 2012 ta miƙa ta gidan tarihin kimiyya na Landan. A garuruwanmu shagunan kwamfuta da fotokwafi suka gaji benci da kwastomomin mai tafireta.

Wayar hannu ta so ta karya gadon. Da GSM ta shigo Najeriya a 2001, maɓallai 12 ne a jikin Nokia, haruffa a jere daga A, mutum ya danna 7 sau huɗu kafin ya sami S. Tsara guda ta ƙware a wannan da babban yatsa. Amma BlackBerry ta dawo da QWERTY a ƙanƙance, iPhone kuma ta zana shi a kan gilashi a 2007, inda babu sanda, babu sifirin, babu ƙarfe ko ɗaya.

Gilashin nan ne ya warware wa Hausa abin da ƙarfe ya kasa. Tsarin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, ya ba ɓ da ɗ da ƙ gurbinsu, da manyansu, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke sa 'y. A 2016 aka ƙara haruffan salon Warshu, fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, waɗanda almajiran ƙasar Hausa suka tashi da su. Tun da kibod ɗin waya zane ne kawai, ƙara masa harafi ba ya buƙatar maƙeri. Windows tana da tsarin Hausa, Gboard ma haka, ga kuma Keyman ga mai son tsara nasa. Duk da haka, yawancin Hausar da ake rubutawa a Facebook da WhatsApp, har da ta wasu kafafen labarai da allunan talla, ba ta da ƙugiya. Shekara da shekaru na injin da ba shi da su sun koya wa ido haƙuri da rashinsu, kuma wannan asara ce, musamman ga yaro mai koyon karatu da baƙon da ke koyon harshen, waɗanda ba su da abin da za su canka da shi. Akawun En'e yana da uzuri, domin sai ya bi shafi da biro. Mai waya a yau abin da ake nema gare shi shi ne ya shiga saitin kibod ya ƙara Hausa cikin harsunansa, aikin da bai kai minti biyu ba.